Idan Dayis Ya Yi Canjaras, Wa Ke Da Nasara?

Ɗana, ka tambaye ni yadda jagoran wasa zai yanke hukunci a wasan kwaikwayo na kan tebur, wato wasan da kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumi a cikin labari ana jefa dayis don sanin sakamako, idan mutum biyu suka jefa dayis kuma lamba ɗaya ta fito musu, ka kuma ce a ganinka babu abin da ya kai sake jefawa sauƙi. Sake jefawa hanya ce, amma ita ce ta ƙarshe da nake komawa gare ta, domin kafin a kai nan akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: mene ne aka jefa dayis ɗin domin a tantance?

Da farko ka ware abin da ba canjaras ba ne ko da ya yi kama da shi. Idan ɗan wasa yana jefawa ne domin ya kai wata lamba da aka riga aka ƙayyade, to daidaituwa nasara ce. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, idan lambar sulken abokin gaba, wato lambar da sai an kai ta kafin sara ya same shi, 15 ce kuma jimillar mai kai hari, wato lambar dayis haɗe da ƙarin da gwanintar jaruminsa ke ba shi, ta zama 15, saran ya shiga. Sababbin jagorori sukan yi jinkiri a nan ba tare da dalili ba.

Canjaras na gaskiya yana zuwa ne idan ɓangarori biyu suna fafatawa, kowa da nasa dayis. Ƙa'idar wannan bugun ita ce lamarin ya ci gaba da zama yadda yake kafin fafatawar, kuma ita na fi so ka fara riƙewa. Idan ɓarawo ya kama jakar wani yana ƙoƙarin fizgewa, mai jakar kuma ya riƙe, sai aka yi kunnen doki, jaka tana nan a hannun mai ita. Kamar dai a gaban alƙali ne, inda mai da'awa shi ke da nauyin kawo hujja, idan kuma hujjarsa ba ta rinjaya ba, abu ya zauna inda yake. Saboda haka ka duba wanda ke neman sauya halin da ake ciki, domin shi ne ke buƙatar ya zarce, ba ya daidaita kawai ba.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin zaɓi ne, domin nauyinsa ya danganta da girman dayis ɗin da ake amfani da shi. Idan mutum biyu suka jefa dayis mai fuska 20 ba tare da wani ƙari ba, canjaras yana fitowa sau 1 cikin 20, kuma idan ka ba mai karewa duk canjaras, mai kai hari zai yi nasara a hanyoyi 190 cikin 400, mai karewa kuma a 210, wanda bambanci ne da da wuya teburinka ya lura da shi. Amma da dayis mai fuska 6, canjaras sau 1 ne cikin 6, kuma wannan hukuncin zai bar mai hari da 15 cikin 36, mai karewa da 21. Wasan yaƙi na Risk, ko da yake ba na kwaikwayo ba ne, yana ba mai karewa canjaras, sannan ya rama wa mai hari da damar jefa dayis uku alhali mai karewa biyu ne iyakarsa. Idan wata rana ka zauna tsara naka wasan, ka yi irin wannan lissafin kafin ka rubuta ƙa'ida.

Akwai wasannin da suka mayar da canjaras abin da ɗan wasa ke yin tunani a kai tun kafin ya jefa. A bugu na bakwai na Call of Cthulhu, wanda aka kai wa hari yana zaɓa ne tsakanin kaucewa da ramuwa. Idan ya zaɓi kaucewa kuma matakin nasararsu ya zo ɗaya, ya tsira, amma idan ya zaɓi ramuwa, mai harin ne ke cin canjaras. Wannan tsarin ya burge ni, saboda wanda ya zaɓi ya rama ya san farashin da ya ɗauka. Fate Core na 2013 kuwa ya bi wata hanya: wanda ya yi canjaras wajen tsallake wata matsala yana samun abin da yake so, amma da ɗan farashi. Mai buɗe makulli ya buɗe, sai dai ƙarar ƙarfen ta sa mai gadi ya juyo. Ko wasan da kake jagoranta bai tanadi haka ba, kana iya aron dabarar idan barin abu yadda yake zai tsayar da labari cak.

Wurin da ba za a iya barin abu yadda yake ba shi ne tsarin wanda zai fara motsi a faɗa, domin dole wani ya riga wani. Bugu na 3.5 na Dungeons & Dragons, na 2003, idan aka yi canjaras ya ba wanda ƙarinsa ya fi yawa damar farawa, idan nan ma an yi daidai sai a sake jefawa. Bugu na biyar ya bar 'yan wasa su daidaita a tsakaninsu, jagora kuma ya tsara dodanninsa. A nan kam sake jefawa ba laifi ba ne, tunda ba ya cin lokaci kuma ba ya goge wani abu da ya faru a labarin.

Abin da ya sa nake guje wa sake jefawa a sauran wurare shi ne yana share sakamakon da ke da ma'ana, wato cewa mutum biyun nan ƙarfinsu ya zo ɗaya a wannan lokacin, ya kuma sa tebur jiran abin da zai iya sake zuwa daidai. Kowace hanya ka zaɓa, ka faɗa wa 'yan wasanka a zaman farko kafin a taɓa dayis, kuma ka yi aiki da ita iri ɗaya ko canjaras ya amfani jarumansu ko ya amfani dodanninka.