Amsa kan ɗaura inji a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Malam, ka tambaya ko ƙaramin injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale zai taimaki jirginka mai tafiya da iska a tafkin Madarunfa idan iska ta ɗauke. Zai taimaka, kuma mai ƙarfin doki 4 zuwa 6 ya wadatar wa ƙaramin jirgi.

Sharaɗin shi ne ka nemi mai doguwar ƙafa (sashen da ke sauka cikin ruwa da farfela a ƙarshensa), ta inci 20, domin idan farfela tana fitowa daga ruwa, injin zai daina jan ruwan da ke sanyaya shi, ya ɗau zafi har ya ƙone. Da rani, lokacin da ruwan tafkin ya ja baya, ciyawa da laka suna toshe kafar shigar ruwan, saboda haka ka riƙa duba ta, kuma ka ɗaga injin sama duk lokacin da iska ke tuƙa jirgin.