Littafin zane kan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka

Hajiya, kin ce kina neman littafin labari mai zane da zai nuna wa yaronki ɗan shekara 14 yadda baƙar fatar Amurka suka ƙwaci 'yancinsu, to ni dai March zan ce ki nema masa, kar ki tsaya ruwan ido. Tarihin John Lewis ne, ɗaya daga cikin jagororin wannan gwagwarmaya, daga bakinsa, shi da Andrew Aydin suka rubuta, Nate Powell ya zana. Kashi uku ne, na farko ya fito 2013, na ƙarshe 2016.

Abin da ya kama ni shi ne yadda aka nuno shi yana yaro a gonarsu a Alabama yana yi wa kaji wa'azi, can sai ga shi ɗalibi a Nashville sun zauna a wurin cin abincin da aka hana baƙar fata zama, ana dukansu ba sa ramawa, har aka zo gadar garin Selma a Alabama ranar 7 ga Maris 1965 inda 'yan sanda suka fasa masa kai suna cikin tattakin neman 'yanci. Zanen fari da baƙi ne kawai amma wallahi a nan sai da idona ya kawo ruwa.

Da Turanci yake fa, kuma akwai zagin wariya a ciki, gara ku karanta tare.