Amsar Baffa Kan Baƙuncin Masana Kimiyyar Kwantum

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah Ya yi maka albarka. Ka tambaye ni dalilin da ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi don masanansu su yi binciken kwantum tare da baƙi, alhali kai ka tashi ka tarar mai magani ba ya faɗin sunan saiwa. Har ka ce anya babu lauje cikin naɗi.

To, masu wannan ilimi na halayyar ƙwayar zarra da haske, al'adarsu tun asali ita ce baƙunci. A 1924 wani malami a Daka (babban birnin Bangladesh a yau), Satyendra Bose, ya aika wa Einstein takardarsa alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Einstein ya fassara ta zuwa Jamusanci da hannunsa, ya kai aka buga. Cibiyar da masanin kimiyya Niels Bohr ya buɗe a Kofanhegan ta ƙasar Denmark a 1921 kuwa masaukin samari ce daga ƙasa ƙasa, har da Heisenberg Bajamushe. Mu ma ba baƙon abu ba ne wurinmu, ai Sarki Muhammadu Rumfa ya sauki Al-Maghili a Kano, kuma Kano ce ta ci riba.

Labarin da na fi so ka riƙe shi ne na Pan Jianwei. Ɗan Sin ne, ya je Ostiriya ya yi digirin digirgir a hannun Anton Zeilinger, wanda ya samu kyautar Nobel a 2022. Daga baya ya koma gida, ya jagoranci aikin tauraron ɗan'adam Micius da Sin ta harba a 2016. Shekara na zagayowa aka yi hira ta bidiyo tsakanin Beijin da Biyana, babban birnin Ostiriya, an tsare ta da makullin sirri na kwantum, almajiri a wannan gefe, malaminsa a wancan. Ka duba, bai manta da malaminsa ba, bai kuma manta da gida ba.

Ita gwamnati ba sadaka take yi ba. Kayan aikin na da tsada, wasu sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifili, masu iya aikin kuma ƙalilan ne. Shi ya sa Tarayyar Turai ta yi karo-karo a 2018, yuro biliyan 1 na shekara 10. Abdus Salam na Pakistan ya kafa cibiyar binciken kimiyya a birnin Tiriyaste na Italiya a 1964 domin irinku 'ya'yan ƙasashe masu tasowa, Italiya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinta. Gana ce kuma ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da ya mai da 2025 shekarar kimiyyar kwantum, abin da ya faranta mini rai ƙwarai.

Zarginka ma yana da tushe. A 2024 Amurka ta sa takunkumi kan fitar da kwamfutocin kwantum, domin ana tsoron wata rana su karya makullan sirrin bankuna da na soja. Lissafi a buɗe yake, injin ne ake ja wa ƙofa, kuma wannan yana damuna saboda ku.

In Allah Ya ba ka gurbi, ka je. Ka ambaci duk wanda ya sa hannu a aiki, kada ka fitar da sakamako kafin abokan aikinka su amince, ka dawo ka koyar da na baya. Ka gaida mahaifiyarka, ka kuma sanar da ita kafin ka cika kowace takarda.