Tambayoyinku: fuskar ƙarfen da ta wahalar da NASA

Tambaya: Wayata ba ta shan caji sai na danne kan igiyar caja da yatsa.

Amsa: Ƙurar aljihu ce ta cika ramin caji. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali. Ban ce allura ba.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar lissafi da fizis ne. An koya mana cewa ƙarfin lantarki iri ɗaya ne a duk faɗin fuskar ƙarfe, sai ga shi na ji wai wani tauraron ɗan'adam na NASA ya sha wahala saboda ba haka ba ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗana, wannan ita ce illar hadda. Abin da ke littafinku gaskiya ne ga ƙarfen da ke kan allo. Na zahiri kuwa taron ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ta juya fuskarta wani gefe, kuma ƙarfin da elektron ke bukata kafin ya fice ya bambanta daga fuska zuwa fuska. Zinariya ma, da ake yi wa kirari, tana neman kusan elektron-volt 5 (ma'aunin wannan ƙarfin ke nan), amma ba daidai wa daida ba. Ƙara tsatsa, danshi da maiƙon yatsa, sai fuskar ta zama dabbare-dabbare kamar zanen atamfa, bambancin ya kai gomman milivolt (milivolt dubu ne ke yin volt ɗaya) ko fiye.

A cajarka wannan ba komai ba ne. A tauraron Gravity Probe B kuwa, wanda NASA da Jami'ar Stanford suka harba a 2004 don gwada ka'idar Einstein, ya zama ciwon kai. Ƙwallaye huɗu ne a ciki, masu faɗin santimita 3.8, an lulluɓe su da ƙarfen niyobiyam, suna juyawa dab da bangon gidansu. Tabon lantarkin da ke fuskar ƙwallo ya riƙa jan na bango, ƙwallayen suka dinga karkata ba da izinin Einstein ba. An so auna yadda juyawar duniya ke jan sararin samaniya da kuskuren kashi 1 cikin 100. Sai a 2011 sakamakon ƙarshe ya fito, da kuskuren kusan kashi 19 cikin 100.

Shi ya sa nake ta nanata wa masu shiga ɗakin gwaji: safar hannu kafin taɓa ƙarfe, kuma a duba fuskar da na'urar Kelvin mai auna wannan bambancin. Goge ta da gefen riga ba wanki ba ne.

Tambaya: Alƙiblar wayata kullum tana sauyawa.

Amsa: Cire murfin nan mai maganaɗisu, ka kaɗa wayar a iska kamar kana rubuta 8.