Yadda ake horar da hannu kan auna kaurin fata a cutar sikilerodama

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa jiya, da muka duba matar nan mai sikilerodama, wato cutar da ke sa fata ta yi kauri da tauri, ka ba sangalin hannunta maki biyu ni kuwa na ba shi ɗaya, kuma ka ce ko babu na'urar da za ta raba mana gardama. Na ji daɗin tambayar, domin wannan saɓani shi ne babbar matsalar da likitocin gaɓoɓi ke fama da ita wajen koyar da wannan awo a ko'ina.

Ana gwada na'urori, har da mai ɗaukar hoton cikin jiki da sauti, amma har yanzu awon da aka dogara da shi na yatsu ne, wanda ke ɗauke da sunan Gerald Rodnan, likitan birnin Pitsbag a Amurka. Shi ne ya nuna a 1979 cewa abin da yatsun likita ke ji ya yi daidai da nauyin ɗan guntun fatar da aka yanko aka auna, saboda kolajin, sinadarin da ke ba fata ƙarfi, da ke taruwa a cikinta. A tsarin da ake bi yanzu ana duba wurare 17: fuska, ƙirji da ciki, sannan a kowane ɓangare yatsu, bayan hannu, sangalin hannu, damtse, cinya, ƙwauri da saman ƙafa. Kowane wuri yana samun maki daga sifili zuwa uku, jimilla mafi girma 51.

Sai ka kama fatar tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza ta a hankali. Idan ta ɗagu da laushi tana ƙananan tamoji, sifili ke nan. Idan ka ji kauri amma tana ninkuwa ba wahala, ɗaya. Idan da ƙyar take ninkuwa kuma tamojin sun ɓace, biyu. Idan ta ƙi kamuwa sam kamar busasshen kirgi, uku. Majeman garin nan na Damagaram ba sa neman ma'auni kafin su faɗa maka kaurin fatar akuya, domin shekaru sun koya wa yatsunsu, kuma irin wannan sanin nake so ka samu.

Kuskurenka na jiya a fili yake. Matar ta dunƙule hannu saboda kunya da tsoro, naman ya ɗaure, fatar ta miƙe a kansa, sai ka ɗauki miƙewa a matsayin kauri. Ka fara zaunar da marar lafiya, ka yi mata bayani har ta saki jiki, sannan ka taɓa. Ka kuma riƙa bambance kauri da mannewa, domin idan cutar ta daɗe fatar takan sirance ta manne wa abin da ke ƙarƙashinta, ta ƙi ɗaguwa alhali ba ta da kauri. A farkon cutar kuwa kumburin yatsu ne ke ruɗin mai koyo. Mu nan muna da ƙarin abin lura: kantar daka da ta noma, da bushewar fata lokacin hunturu, duk suna iya yaudarar hannun da bai ƙware ba. Haka kuma fararen ɗigo-ɗigo da ke fitowa a ƙirji da goshin mai baƙar fata sukan sa dangi su yi zargin kuturta, su ɓoye mace a ɗaki har cutar ta yi nisa, abin da ke sosa mini rai ƙwarai.

Kada ka ɗauki makin nan aikin cika takarda. Idan kaurin ya wuce gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa zuwa sama, ko ya kama ƙirji da ciki, cutar mai bazuwa ce, kuma idan makin yana hawa da sauri a shekarun farko, ƙoda tana cikin haɗari. Irin wannan marar lafiya dole a riƙa auna hawan jininta a kai a kai, a saurari huhunta, a kuma guji ba ta maganin kortizon mai yawa, domin yana iya jawo rikicewar ƙodar.

An tabbatar cewa likita ɗaya ya fi dacewa da kansa a awo biyu fiye da yadda likitoci biyu ke dacewa da juna, shi ya sa wanda ya fara auna marar lafiya shi ya kamata ya ci gaba da auna ta. Gobe in Allah ya kai mu, za ka duba matar nan kai kaɗai ka rubuta makinka ba tare da ka ga nawa ba, ni ma in yi haka, sannan mu koma wurin da muka saɓa, in ɗora yatsuna kusa da naka mu murza tare. Ka yanke farce kafin ka zo, ka kuma ɗumama hannunka, domin sanyi yana tsananta mata ciwon yatsu.