Taurin kai, naci da kunnen ƙashi: namu ne ko aro muka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Katsina. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura. Wani abokinmu da ya daɗe yana fatauci a Legas ya ce "taurin kai" ba Hausar asali ba ce, wai "strong head" na Turancin buroka aka juya. Wani kuma ya ce taurin kai da naci da kafiya da kunnen ƙashi duk abu guda ne. Yaya abin yake, kuma me sauran harsuna suke cewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe mini da mutumin Legas, ka ce masa na ga inda ya ɗauko zancen, amma bai ci gardamar ba.

Bakatsine ba sai an koya masa ma'anar tauri ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro ya ga 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki da wuya, ta ƙi kama su. To, haka kan mai taurin kai yake da magana, a yi ta gogawa ba ta shiga. Kuma kalmar ba marainiya ba ce, tana da dangi a cikin gida: taurin bashi, taurin rai, taurin zuciya. Baƙon da ya sauka jiya ba ya tara dangi haka.

Kamanceceniyar da abokinka ya ji gaskiya ce, sai dai ba mu da buroka kaɗai muka yi tarayya a kanta ba. Ibo yana cewa isi ike, kai mai ƙarfi. Mai jin Suwahili yana cewa kichwa ngumu, kai mai tauri. Ka ƙetare Jibiya ka shiga Maraɗi, ɗan boko zai ce maka yaron nan têtu ne, daga tête, wato kai a Faransanci. Bajamushe yana da Dickkopf, kai mai kauri. Bamisire a kasuwar Alƙahira zai ce dimaghu nashfa, ƙwaƙwalwarsa a bushe take, mutumin Japan kuma ya ce ishiatama, kan dutse. Ai ba a Legas Japan ta koyo nata ba. Ɗan Adam ne ko'ina ya lura cewa magana a kai take sauka, in ta ƙi zama sai ya ɗora wa kan laifi.

Wasu kuma wuya suka kama. A Attaura an siffanta Bani Isra'ila da ƙeshe oref, masu taurin wuya, kuma daga nan Turancin Ingila ya samo "stiff-necked". Siffar ta bijimi ce mai ƙin ba da wuya a ɗora masa karkiya. Manomin ƙasar Daura da ya taɓa horar da sabon bijimi a garma ba ya bukatar sharhi a nan.

Sai maganar na biyun, kuma a nan ne Hausa ta fi nuna gwaninta. Kunnen ƙashi na ƙasa da kai kake faɗa wa, ɗanka ko ɗalibinka ko almajiri, wanda aka hana ya ji sarai amma ya sake. Ba ka cewa mahaifinka yana da kunnen ƙashi, ko da a bayan idonsa. Mai kunnen ƙashi ake yi wa karin maganar nan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Bayarabe ma ta kunne ya bi, aláìgbọ́ràn, wanda ba ya jin magana, ban da agídí da yake da ita ta taurin kai zalla. Kafiya kuwa daga kafewa take, kamar turke a ƙasa, kuma ta ra'ayi ce: an kawo wa mutum hujja ya gani, ya ce shi dai yana nan. Kada ɗalibanka su rubuta ta da ƙa mai lanƙwasa, don ƙafiya ta mawaƙa ce, amsa-amon ƙarshen baiti. Turjiya a ƙafa take. Ka sayi rago a kasuwar Mai'aduwa ka ja igiya, za ka ga asalin kalmar da idonka.

Duk waɗannan ƙi ne. Ya ƙi ƙememe, ya ƙi fafur, ya ƙeƙasa ƙasa. Naci shi ne bare a cikinsu, domin mai naci ba ƙi yake yi ba, nema yake. An kore shi ya dawo, an ce gobe ya zo da asuba. Shi ya sa aka ce naci damben kuturu: ba ƙarfin naushi ba, yawan maimaitawa. Mai fassara labarai da ya ga "stubborn" ya rubuta naci, sau da yawa ya kauce hanya.

Larabci ya raba su kamar yadda muka raba. Inadi shi ne ƙin gaskiya bayan an san ta, kuma a aya ta 15 ta Suratu Ibrahim an ambaci "jabbarin anid", mai girman kai mai kangara. Isirari shi ne dogewa a kan abu, kamar yadda aya ta 135 ta Ali Imrana ta yabi waɗanda ba sa dogewa a kan laifin da suka aikata. Naci kuma shi ne ilhafi ko ilhahi. Aya ta 273 ta Baƙara ta yabi mabukatan da ba sa roƙon mutane da naci, alhali malamai suna kwaɗaitar da naci a wajen roƙon Allah. Halin ɗaya ne, ƙofar da ake bugawa ce ta bambanta.

Inadin nan ya yi tafiya mai nisa. Turkawa suka ɗauke shi ya zama inat, daularsu ta Usmaniyya ta kai shi ƙasashen Balkan, can ya ƙara wani ɗanɗano: yin abu don dai an ce kada ka yi. A Sarayebo ta Bosniya akwai wani gida da ake kira Inat Kuća har yau. Labarin da ake bayarwa shi ne, a shekarun 1890 hukumar Ostiriya da Hangari ta so gina zauren birni a inda gidan wani dattijo yake, ya kafe sai dai a kwashe gidan bulo bayan bulo a sake gina masa a ƙetaren kogi. Haka aka yi, yanzu gidan cin abinci ne. Na daɗe ina neman kalmar Hausa guda da za ta ɗauki inat, mafi kusa da na samu ita ce "da gayya".

Mutanen Finlan suna da sisu, wadda duniya ta sani tun yaƙinsu da Tarayyar Sobiyet a 1939, amma wannan jajircewa ce, yabo ce tsantsa.

Shi kuwa wanda ya ce duk ɗaya ne, ka tambaye shi a gaban majalisa: in mai taurin bashi ya haɗu da mai bin bashi mai naci, wa ke ɓuya a bayan ƙyaure, wa ke tsaye a zaure yana sallama?