Tambaya da Amsa: Rediyon baba ta yi shekaru a ajiye, ko za ta tashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina neman shawara. Muna gyaran ɗakin marigayi babanmu sai munka iske tsohuwar rediyonshi saman sif, Grundig ce ta katako babba mai maɓallai farare a jere, da wani ɗan ido da ke yin kore in an kunna. Tun muna yara ba mu ƙara jin ta ba. Ƙanena ya ce mu jona ta ga wuta mu gani, wani mai gyara kuma ya ce in kawo ya cire kayan cikin ya sa min na zamani mai memori da FM. Wallahi ni so nike in ji ta yadda baba ke jin ta. Mi za ni yi? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Abu na farko dan girman Allah kar ka bari ƙanen nan naka ya jona ta, ko na minti ɗaya. Yadda ka kwatanta ta, wannan rediyo ce mai kwalabe, wato 'yan kwalaben gilashi da ke cikinta masu ƙara ƙarfin murya, irin waɗanda kamfanin Grundig na Jamus ya yi ta fitarwa a shekarun 1950 zuwa farkon 1960, kuma cikinta akwai kondensa, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta, na takarda da kakin zuma da wasu masu ruwa-ruwa a ciki, waɗannan shekaru kaɗai sun isa su lalata su balle an haɗa da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ƙurar hunturu. In kondensa ta lalace ka ba ta wuta kai tsaye, sai ta ja wuta fiye da kima ta ƙona transfoma, to transfoma kuwa ita ce abin da ya fi wuyar samu a duk rediyon, sai dai a nemi mai naɗa waya ya sake naɗa ta, shi ma ba kullum ake dacewa ba.

Shi kuma mai gyaran da ya ce zai kwashe cikin, ka yi masa godiya ka riƙe abinka. Ranar da ya yi haka rediyon baba ta tafi, akwati kawai za a maido maka. Gaskiya abin nan na ci min rai, rediyoyi da yawa masu kyau sun salwanta ta wannan hanya alhali gyaransu bai taka kara ya karya ba.

Ka nemi dattijon mai gyara wanda ya koyi aiki tun kafin zuwan wayar salula, ka tambaya wajen Tsohuwar Kasuwa ko cikin masu gyaran lasifikar masallatai, su sun san junansu. Ka gwada shi da tambaya ɗaya, Baba ya za ka fara kunna ta? In ya ce zai fara auna ta da mita, sannan ya ba ta wuta ta cikin ƙwan lantarki irin na da mai zare, wat 60 ko 100, to ka samu mutumin. Hikimar ita ce in akwai matsala ƙwan ne zai haska sosai ya tare wutar, in kuma lafiya take sai ya yi haske kaɗan ya dushe. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aikin. A duba bayanta kuma, yawancinsu suna da wurin zaɓen ƙarfin wuta, 110 ko 220 ko 240, tunda tamu 230 ce a bar shi a 240 in akwai, kuma kar a gwada ta da ƙaramin janareto.

Mutane sukan ɗauka kwalaben ne suka mutu, amma galibi su ne ke daɗewa, kondensa ce ake canzawa kuma sababbinta suna nan a kasuwa da arha. In ma kwalba ta mutu akwai lamba a jikinta kamar EL84, wannan har yau ana ƙera ta a ƙasashen waje. Kar a goge jikin kwalba da ruwa, lambar fita take yi. Haka gilashin gaban mai sunayen tashoshi, rubutun a bayansa yake, ɗanyen tsumma na taɓa shi ya tafi kenan. Kai da kanka iyakarka buroshi mai laushi ka kakkaɓe ƙura da gidan zanzaro, ka duba ko ɓera ya ci waya ko gara ta shiga katako, amma kar ka sa hannu ciki, wutar cikinta tana haura volt 250 kuma kondensa na riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

In ta tashi sai ka yi haƙuri da ita, takan ɗauki ɗan lokaci kafin kwalaben su yi zafi murya ta fito. Ka ɗaura mata doguwar waya a matsayin eriya ka laluba gajeren zango da dare, inda baba ke kama BBC Hausa da ta fara tun 1957. Tashoshin sun ragu amma ba su ƙare ba. In ka ga maɓalli an rubuta UKW to FM ce, sai dai wasu tsoffin iyakarsu lamba 100 a zangon FM, tashar da ke sama da haka ba za ta shigo ba.

TAMBAYA: Malam tawa ƙarama ce National mai batir ta kakata, an manta batir a ciki ya zubo wani farin gari. Ta mutu ke nan? Daga wata 'yar'uwa a Runjin Sambo.

AMSA: A'a Hajiya, wannan mai sauƙi ce. Ki cire batiran ki yar, kar ki taɓa garin da hannu, ki kankare ƙarfen da sifirin ɗin da tsohon buroshin haƙori da ɗan sanfefa har su yi haske, ki sa sabon batir. In sifirin ya cinye mai gyara zai sa wani da dalma. In tana ƙara lokacin da kike murɗa murya ƙura ce, akwai feshin da masu gyara ke sawa, amma kar a zuba mata man keke ko kananzir.